Hawa Ba Ƙirga, Gangara da Agogo: Tseren Enduro da Rigimar Saitin Keke

A Finale Ligure, wani ƙaramin gari a gaɓar Bahar Rum a arewa maso yammacin Italiya, duwatsu na tasowa ne kusan daga bakin ruwa. In ka ratsa wurin ajiye motoci da safiyar ranar gasar kekuna, abin da zai fara shiga kunnenka shi ne fis, fis, ta ko'ina. Mutane ne a tsugune gaban tayoyinsu, kowa da ɗan gejin iska a hannu. Ya danna bawul ya saki iska kaɗan, ya auna, ya yamutsa fuska, ya jawo famfo ya mayar da rabin abin da ya saki. Can gefe wani ya kama kan kekensa yana dannawa da dukkan nauyinsa yana saki, ya kasa kunne kamar likita mai sauraron ƙirjin yaro. Galibinsu ba mai biyansu ko sisi. Wannan malamin makaranta ne, wancan kafinta, waccan ma'aikaciyar asibiti. Daga aljihunsu suka biya kuɗin shiga, ranar Litinin kuma kowa zai koma bakin aikinsa da ƙujewa a gwiwa.

Wanda ya saba da keken zuwa kasuwa da gona, wanda in tayarsa ta yi laushi sai a kai wa mai faci ya ɗura mata iska har ta yi tauri kamar dutse, zai ce samun wuri ne ke damun mutanen nan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma zan dawo kanta. Sai dai a wannan wasa da ake kira enduro, iskar da ba ta wuce cikin baki ɗaya ba tana iya raba abokai biyu, ɗaya ya ƙarasa gasa a kan sirdi, ɗaya ya gangaro da ƙafa yana turin keke yana ƙunƙuni. Gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu ita ce: mahayi ne ke cin tsere ko keke? In kuma saitin keke yana da tasiri, wane ɓangare ne ya cancanci a hana ido barci a kansa, wanne ne kuma hanyar raba mutum da kuɗinsa kawai?

Sai an fahimci tsarin gasar kafin gardamar ta yi ma'ana. An aro shi ne daga tseren babura mai wannan suna da kuma tseren motoci na rali. Ana raba yinin zuwa zango-zango, galibi huɗu zuwa shida a gasar masu sha'awa. Kowane zango gangara ce daga saman dutse, ta siririyar hanya mai saiwoyi da tsakuwa da kwana-kwana. Mahayi yana shiga shi kaɗai, a ba da tazarar daƙiƙa 20 ko 30 sannan a saki na bayansa, wata 'yar na'ura a wuyan hannunsa tana riƙe lokacin shigarsa da na fitarsa. Da ya kai ƙasa agogo ya tsaya. Sai ya taka feda ya hau zuwa bakin zango na gaba, wannan hawan kuwa ba a ƙirga shi, illa dai akwai wa'adin isa, wanda ya makara a ƙara masa lokaci a matsayin tara. Da yamma a haɗa lokutan gangara, mai mafi ƙarancin jimilla shi ya ci. Ke nan mutum zai yini awa huɗu ko biyar a kan keke, ya hau tudun da in an haɗa ya wuce mita 1,000, amma abin da za a yanke masa hukunci da shi bai fi minti 20 ko 25 ba.

Keken dutse kansa a gangara aka haife shi. A 1976 wasu samari a gundumar Marin ta Kaliforniya, cikinsu har da Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, suka fara tsere a wani gangare da suka sa wa suna Repack. Tsofaffin kekunansu birkin taka-baya gare su, a cikin cibiyar ƙafar baya, kafin a kai ƙasa giris ya ƙone sai an sake cusa sabo, sunan ke nan. Daga baya wasan ya rabu gida biyu. Akwai masu zagaye da kekuna marasa nauyi, su ne suka shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Akwai kuma masu gangara zalla, da kekuna masu nauyi da sai an ɗauke su a mota ko keken-waya zuwa sama. Talakan mahayi ba ya cikin ko ɗaya. Shi abin da yake yi ranar hutu shi ne ya hau a hankali yana hira da abokai, in an kai sama a ce kowa ya nuna abin da ya iya. Faransawa ne suka mayar da wannan ɗabi'a gasa, inda Fred Glo ya shirya ta a Val d'Allos a 2003. Italiyawa suka biyo baya da tasu mai suna Superenduro. Aka haɗa kai, a 2013 aka fara Enduro World Series ƙarƙashin jagorancin Chris Ball, aka buɗe a Punta Ala aka rufe a Finale Ligure, Jérôme Clementz na Faransa da Tracy Moseley ta Birtaniya suka zama zakarun farko. A 2023 gasar ta koma Kofin Duniya a hannun hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a 2024 kuma aka yi gasar zakarun duniya ta farko a Val di Fassa, Faransawa biyu, Alex Rudeau da Isabeau Courdurier, suka lashe.

Waɗannan su ne sunayen da jaridu ke ɗauka. Masu riƙe da wasan kuwa su ne ɗaruruwan da ke cika irin bikin Ard Rock a Swaledale ta arewacin Ingila, da ƙananan gasanni na ƙarshen mako da ƙungiyoyin gari ke shiryawa. Abin da ya ja su a fili yake. Ba sai ka mallaki keke biyu ba. Ba cunkoso a bakin farawa balle a ture ka. Ana raba mutane gwargwadon shekaru, ɗan 45 da sa'o'insa zai kara. Sau da yawa kuma hanyar da zakaran duniya ya bi ita kai ma za ka bi, ka ga da idonka nisan da ke tsakaninku, abin da ɗan ƙwallon unguwa ba zai taɓa samu ba.

Doka ɗaya ce ta haifi duk rigimar saiti: keken da ka fara da shi, da shi za ka gama. A manyan gasanni har sitika ake manna wa firam da shokazobar gaba da ƙafafu biyu, wanda ya sauya ɗaya a ci shi tarar mintuna. A tsakiyar daji kuma ba bakanike sai kai. Don haka keken enduro sulhu ne tsakanin buƙatu biyu da ba sa ga maciji. Dole ya yi sauƙin da ƙafarka za ta kai shi sama sau biyar, dole ya yi ƙarfin da zai sha dukan duwatsu sau biyar. Inda aka tsaya a yau shi ne keke mai nauyin kilo 15 zuwa 17, shokazobar gaba mai tafiyar milimita 160 zuwa 180, ta baya 150 zuwa 170, ƙafafu inci 29, ko 29 a gaba da 27.5 a baya. Farashi kuwa daga wajen dala 3,000 har ya haura 10,000.

A ganina, in za a yi magana ta gaskiya, da taya za a fara, a kuma daɗe a kanta. Duk dalolin nan ta wani ɗan wuri da bai kai tafin hannu ba suke gaisawa da ƙasa. Yau kusan kowa ya daina sa tif, wato robar ciki. Ana manna taya kai tsaye a jikin rim, a zuba wani ruwan danƙo a ciki da ke toshe ƙananan huji da kansa. Wannan ya ba da damar rage iska sosai. Mutum mai matsakaicin nauyi yakan tsaya tsakanin psi 20 zuwa 24 a gaba, 23 zuwa 28 a baya, ƙasa da abin da ake sa wa tayar ƙaramar mota. In iska ta yi yawa, taya ba ta rungumar abin da ta taka, sai ta riƙa tsalle, ta zame a kan saiwa, hannu ya sha girgiza. In ta yi kaɗan, dutse ya matse ta har ya sari rim, ko kuma a tsakiyar kwana bakinta ya ɗan rabu da rim iska ta fita fuu. Su kansu mahayan gyatsa suke kiran wannan. Tsakanin cutar farko da ta biyu psi biyu ne ko uku, shi ya sa ɗan yatsa ba ya iya wannan awon.

Akwai ma abin da ba kowa ke lura da shi ba. Iskar sararin sama tana raguwa in ana hawa, don haka tayar da aka auna a bakin teku a Finale za ta nuna ƙarin kusan psi ɗaya da rabi in an kai tsayin mita 1,000, inda wasu hanyoyin garin ke farawa. Wanda ya saita a sama kuma, yana gangara tana ƙara laushi. A gasar Megavalanche ta Alpe d'Huez, da ake tashi daga Pic Blanc a tsayin mita 3,330, wannan bambanci ya isa a yi lissafi da shi. Rana ma tana ƙara iska, sanyin asuba yana rage ta. Geji biyu kuma ba lallai su faɗi abu ɗaya ba, saboda haka mai hankali geji ɗaya yake riƙewa, ko da yana ƙarya, muddin kullum ƙarya ɗaya yake yi.

Inda masu sha'awa suka fi cutar kansu shi ne kaurin jikin taya. Kamfanoni suna yin ta hawa-hawa. Maxxis na da EXO da EXO+ da DoubleDown, Schwalbe na da Super Trail da Super Gravity, kowane mataki ya fi na baya kauri da nauyi. Sabon shiga yakan ɗaga tayoyi biyu a shago, ya ji ɗaya ta fi nauyi da kimanin giram 200, ya tuna tudun da ke jiransa, ya zaɓi mara nauyi. To a yi lissafi. Giram 200 ɗin nan a hawa zai amfane shi, hawa kuwa ba a ƙirga shi. In taya ta yage, a cikin zango za ta yage, agogo yana tafiya. Cusa igiyar toshe huji da buga iska zai ci minti ɗaya ko biyu in hannu bai yi rawa ba, in kuwa sai an sa tif, a manta da minti biyar ko fiye. A gasar da daƙiƙu kaɗan ke raba na goma da na sha biyar, wannan ciniki ne na sayar da akuya a sayi kyanwa. Ƙa'idar da ta zauna ita ce roba mai laushi mai kama ƙasa a gaba, don in gaba ta zame faɗuwa ce, sannan jiki mai kauri a baya, don baya ce ke shan duka. Wasu suna ƙara wani zoben soso a ciki, irin na CushCore, ya kare rim. Yana aiki, amma ranar da za ka cire shi a daji da yatsu masu sanyi za ka san ka saya.

Sai birki. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne birki mai kyau gudu yake ƙarawa. Wanda ya yarda da birkinsa yakan bari sai ya matso kwana sannan ya kama sau ɗaya da ƙarfi ya saki. Wanda bai yarda ba tun daga sama yake jan birki kaɗan-kaɗan, faifan ya yi zafi, kamun ya ragu, shi kuma ya ƙara matsawa. Kafin minti huɗu damatsansa na ƙasa sun kumbura sun yi tauri kamar icce, yatsu sun daina jin magana, yana ganin dutse yana so ya kama birki hannun ya ƙi. Duk wanda ya taɓa yinin sassabe da adda mara kaifi ya san irin wannan gajiyar. Maganin rabinsa a keke yake: birki mai fistin huɗu, faifai mai faɗin milimita 200 ko 220, don babban faifai ya fi kama da sauƙi ya kuma fi saurin huce zafi. Sauran rabin kyauta ne. A kwance noti, a tura hannun birkin ciki yadda ɗan ali kaɗai zai kama ƙarshensa, sauran yatsu su riƙe kan keke, a daidaita karkatarsa yadda wuyan hannu ba zai lanƙwashe ba in an tsaya a kan feda. Takalmin birki na ƙarfe ya fi jure zafi da laka, na danƙo ya fi shiru. Sabo kuma ba a shiga gasa da shi sai an horar da shi da kamu kamar 20 a ɗan gangare. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: man birki iri biyu ne, akwai DOT akwai na ma'adini irin na Shimano da Magura, wanda ya zuba ɗaya a gurbin ɗaya ya kashe robobin ciki.

Shokazoba ita ce ake wa kallon tsibbu, alhali rula da haƙuri kawai take so. Abu na farko shi ne nutso, wato yadda take lotsawa in mahayi ya hau bai motsa ba. Dole a bar mata wannan, don in ƙafa ta tarar da rami ta samu abin miƙewa ta bi ƙasa. Ga yadda ake aunawa. Ka sa duk kayan da za ka yi tsere da su, hula da takalma da jaka da gorar ruwa a cike. Ka buɗe maɓallin kulle in akwai. Aboki ya riƙe maka kan keke, ka hau, ka ɗan girgiza sama da ƙasa sau biyu ko uku, ka natsu. A jikin sandar da ke shiga tana fita akwai wani siririn zoben roba, abokin ya tura shi har ya manne da bakin. Sai ka zame ka sauka a hankali kamar mai gudun tada jariri. Tazarar da zoben ya bari ita ce nutso. A baya ana neman kashi 25 zuwa 30 cikin 100. In tafiyar sandar milimita 60 ce, kana son kashi 30, to 18 za ka gani a rula. A gaba kashi 15 zuwa 20 ne, a tsaye kan feda ake aunawa, mai tafiyar 170 ke nan za ta nutse 25 zuwa 34. In bai yi ba, ka ƙara ko ka rage iska da ɗan famfonta na musamman, ka danna ta 'yan lokuta iskar ta daidaita a ciki, ka sake hawa. Aikin minti 20 ne, kuma mutane da yawa sun shekara a kan keken dala dubbai ba su taɓa yinsa ba.

Na biyu shi ne dawowa, galibi jan maɓalli ne. Shi ke ƙayyade saurin miƙewar shokazoba bayan ta dannu. In ya yi sauri, keke ya zama doki mai tutsu, ka sauka daga tsalle ya cilla ka gaba. In ya yi nawa, kafin ta gama miƙewa daga dutse na farko na biyu ya iso, na uku ya biyo, sai ta yi ta nutsewa har ta ƙare, keke ya koma kamar amalanke. Abin haushin shi ne mahayi yakan ji taurin nan ya ɗauka iska ce ta yi yawa, ya rage, ya ƙara jefa kansa cikin rami. Na uku, shuɗin maɓalli, yana ƙayyade saurin dannuwa, shi ke hana gaban keke durƙushewa in an kama birki. Akwai kuma wasu 'yan toshe na roba da ake sawa a ɗakin iska su rage masa fili, yadda farkon tafiyar zai kasance da laushi ƙarshenta ya yi tauri. Wanda nutsonsa daidai ne amma kullum yana jin ƙarfe ya daki ƙarfe, ɗaya daga cikinsu yake buƙata.

Hanyar gane duk wannan ɗaya ce, kuma ba ta da daɗi. A samu guntuwar hanya ta minti ɗaya, a bi ta, a murɗa maɓalli guda ƙas biyu, a sake bi, a rubuta a littafi. Wanda ya taɓa abu uku lokaci ɗaya, ko ya gyaru bai san wanne ya gyara ba. Sannan a tuna da sabis. RockShox ta ce a sauya man ƙafafun shokazobar gaba duk bayan awa 50 na hawa. Wadda ta bushe, duk yadda aka murɗa maɓallanta a banza.

A nan ne nake da ja da ɗabi'ar kwaikwayon zakaru. Kowace gasa mujallu na wallafa saitin manyan mahaya, iska kaza, ƙas kaza, faɗin ƙaho, wato kan keke, kaza, masu sha'awa kuma su kwafa kamar laya. Zakara yana dukan dutse da gudun da ya ninka naka, don haka shokazobarsa da tayarsa suna da taurin da zai tare wannan dukan. Kai da ka sa lambobinsa, zoben robar nan zai gaya maka gaskiya da yamma: rabin tafiyar kawai ka yi amfani da shi, sauran dukan kafaɗunka ne suka sha. Zanen aro ba ya rufe katara. In ma darasi ake so daga zakaru, ga wanda ya fi amfani. Sam Hill na Ostireliya ya ci Enduro World Series a 2017 da 2018 da 2019 da feda shimfiɗaɗɗiya, a lokacin da kusan duk abokan karawarsa ke maƙale takalmansu a feda, don da ita ya saba. Aaron Gwin na Amurka kuma, a gasar gangara ta Kofin Duniya a Leogang ta Ostiriya a 2015, sarƙarsa ta tsinke tun a bakin farawa, ya gangara ba taka feda ko sau ɗaya, ya kuma zo na ɗaya. Da ya san ba shi da abin ƙara gudu, sai ya ƙi zubar da wanda yake da shi.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani. Sirdi mai sauka da tashi da danna maɓalli, wanda ya fara fitowa wajen 2003 ya kuma bazu bayan RockShox ta fitar da Reverb a 2010, shi ne ya sa keke ɗaya ke iya hawa da gangara ba tare da an tsaya neman alanki ba. A sa mafi tsawon da firam zai ɗauka. Giya tun 2012 SRAM ta mayar da faifan gaba guda ɗaya, yau baya na da hawa 12, mafi girma haƙora 50 zuwa 52. Kada girman kai ya hana mutum sa ƙaramin faifai mai haƙora 30 a gaba, ba mai ba da lambar yabo a hawa. Ƙahon keke kuma yakan zo da faɗin milimita 800, mutane da yawa sai sun yanke zuwa 760 ko 780 kafin ya dace da kafaɗarsu.

Wuri ma yana da tasa maganar. Finale dutsen farar ƙasa ne mai kaifi, busasshe galibi, can taya mai kauri da ɗan ƙarin iska su ne abokan tafiya. Kwarin Tweed na Sikotland kuwa, a dazuzzukan da ke saman Innerleithen, duhun itatuwa ne masu matsatsi da saiwoyi jiƙaƙƙu masu santsi kamar kuɓewa. Can roba mai laushi ake so, da rage iska, da ƙaho mara faɗi don kada ya sari bishiya, da 'yar kariyar laka a gaba don ido. Mutum ɗaya da keke ɗaya, lambobinsa a wuraren nan biyu ba za su zama ɗaya ba, kuma littafinsa ne kaɗai zai gaya masa nawa zai sauya.

Ranar gasa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba a gwada ba a makonnin baya, kada a taɓa shi. Yawancin gasanni suna ba da yinin gwaji kafin ranar, wasu kuma, kamar tsohuwar Trans-Provence da aka yi daga 2009 zuwa 2019, ba gwaji, hanyar da ka gani a lokacin ita ce. Ko da gwaji, ba wanda zai haddace zango biyar a bi ɗaya, sai dai ya riƙe wurare biyu ko uku masu haɗari a kowanne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tashi da zafi. Ana cewa tafi, jini ya hau, mutum ya taka feda kamar ana binsa, ya shiga kwanar farko da gudun da ya fi ƙarfinsa, ya kama birki a tsakiyarta, ya fito ba gudu, ya sake takawa da ƙarfi. Sauri ya haifi nawa ke nan a zahiri. Hawan da aka ce ba a ƙirga shi kuma bashi ne, a zango na huɗu da na biyar yake zuwa karɓa. Wanda ya yi gasa da abokansa a tudu, ko ya manta ci da sha don zumuɗi, a can zai tarar ido yana ganin hanya ƙafa ba ta iya riƙe shi. Akwai kuma ladabi: in na baya ya cim maka ya yi kira, ka ba shi hanya a wuri na farko da ya samu. Yanke hanya ta bayan kirtanin iyaka kuwa sata ce, ana hukunci a kanta.

Ba a rufe maganar nan ba tare da jiki ba. A Faransa da Italiya gasanni sun saba wajabta hular kwano mai rufe haɓa, da kariyar gwiwa, da ta gadon baya, da safar hannu. Wasu ƙasashen sun fi sassauci, amma dutse bai san a wace ƙasa yake ba. A 2015 wani mahayi ya rasu a zangon gasar Enduro World Series a Crested Butte ta Kolorado, aka soke sauran gasar. Dokar wasan ta ce in ka tarar da wanda ya faɗi, ka tabbatar da lafiyarsa kafin ka wuce, in bai amsa ba ka tsaya. Hular da ta daki ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, mai ita kuma in kansa yana juyawa, gasarsa ta ƙare a nan.

To mu koma ga mai cewa samun wuri ne. Yana da gaskiya a rabi. Kamfanoni suna rayuwa ne da sa mutum ya ji kekensa na bara ya tsufa, kuma tun da aka buɗe rukunin kekuna masu batir a 2020 an samu sabon abin sayarwa mai tsada. Firam na kabon zai rage ɗan nauyi, giya mara waya tana da daɗin taɓawa, amma ban ga ta inda za su mayar wa ɗan sha'awa daƙiƙa goma a zango ba. Inda ya yi kuskure shi ne haɗa mai tsugune gaban taya da mai yawon shaguna. Na farko iska yake aunawa, iska kuwa kyauta ce. Mahayi ne ke cin tsere, wannan ba gardama, sai dai keke mara saiti yana iya hana shi nuna ko rabin abin da ya iya, kamar gwanin sukuwa da aka ɗaura wa sirdi da majayi sako-sako.

Ga mai shirin gasarsa ta farko da keken alminiyam na hannu: kuɗinka na farko ka zuba a tayoyi masu kauri, na biyu a takalman birki da babban faifai, na uku a sabis na shokazoba da hula mai rufe haɓa. In da saura, ka biya wanda ya iya ya tsaya a bakin kwana ya kalle ka yini guda. Ka sayi geji ɗaya da ƙaramin littafi, ka rubuta iskar taya da ta shokazoba da adadin ƙas na kowane maɓalli, ka kwafe su a 'yar takarda ka manna a jikin firam tun daren jajibiri.